Daga Midil Zuwa Ƙaramar Sakandare: Tarihin Ajin da Na Zauna a Abuja

 

A makon jiya ina zaune a shagon mahaifina a kasuwar Wuse, sai ga wasu yara uku cikin kayan makaranta, ɗauke da kwali mai huda a sama, suna neman gudummawar da za su kai gidan marayu. Maƙwabcinmu ya kore su, yana cewa wannan bara ce irin ta 'yan boko. Shi kuwa Baba sai ya yafito su, ya tambaye su ajinsu, suka ce aji biyu na ƙaramar sakandare. Ya ce, "To, 'yan samari, wa ke riƙe da lissafi?" Ƙaramin cikinsu ya zaro littafi ya nuna masa. Sai da Baba ya bi shafin da yatsa har ƙasa, sannan ya sa hannu a aljihu. Ni kuma dariya ta kama ni, domin abin da ya taɓa yi mini ke nan a 2015.

Mu mutanen Maraɗi ne, kasuwanci ya kawo mu Abuja. A can gida yaro kan yi shekara 6 a firamare, sannan 4 a CEG, ya rubuta jarrabawar BEPC. A nan kuwa shekara 3 ce ake yi a ƙaramar sakandare. Waɗannan shekaru na tsakiya su ne mararrabar da 'ya'yan 'yan kasuwa irina ke rabuwa, wani ya ci gaba da karatu, wani a miƙa masa makullin shago. Shi ya sa na ga ya dace mu waiwayi inda wannan aji ya samo asali.

Zamanin Midil

A shekarar 1909 ne Hans Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa suna Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar boko ta gwamnati a Nassarawa, Kano. A 1922 aka yi bikin buɗe Kwalejin Katsina don horar da malamai. Bayan da aka haɗe ma'aikatun ilimi na Arewa da Kudu a 1929 ƙarƙashin wani Bature mai suna Hussey, sai aka tsara karatun Arewa hawa-hawa: elemantare a ƙasa, inda ake koyarwa da Hausa, midil a tsakiya, inda Turanci ke ƙarfi, kwaleji a sama. An haɗa makarantun lardi da makarantun koyon sana'a aka tayar da midil, saboda haka tun farko akwai littafi, akwai kuma aikin hannu irin su kafinta da ƙira.

Midil makarantar kwana ce ta maza, kuma En'e ke ɗaukar nauyinta. Galibi lardi guda makaranta guda, don haka shiga cikinta ba ƙaramin rabo ba ne, duk da cewa iyaye da yawa a lokacin ɓoye 'ya'yansu suke yi kada a kai su. Ana raba yara gida-gida, kowane gida da shugabansa daga cikin ɗalibai, su yi shara, su yi wanki, su kara da juna a wasanni. Gasar gidaje da muke yi yau, ana sanya riguna ja da kore da shuɗi, jikanyar wancan tsari ce.

Dubi waɗanda suka riƙe alli a waɗannan azuzuwa. Ahmadu Bello ya koyar a Midil ta Sakkwato daga 1931 zuwa 1934. Abubakar Imam yana malami a Midil ta Katsina ya rubuta Ruwan Bagaja don gasar da Rupert East ya shirya a 1933, gasar da Abubakar Tafawa Ɓalewa ya shiga da Shaihu Umar. Shi Ɓalewa ya koyar a Midil ta Bauchi har ya zama shugabanta, kuma a can ne Malam Aminu Kano ya fara aikin koyarwa a 1942, yana shirya wasan kwaikwayo da yara, yana kuma zama da su Sa'adu Zungur a dandalin muhawarar da ya girgiza En'e ta Bauchi. Shehu Shagari ma ya koyar da kimiyya a Midil ta Sakkwato. Mai karatu zai lura cewa abin da ake kira ayyukan bayan aji, wato muhawara da wasan kwaikwayo da shugabancin ɗalibai, a nan siyasar Arewa ta koyi magana. A shekarun 1950 aka mayar da midil-midil ɗin sakandaren lardi. Ta Kano ita ce Kwalejin Rumfa a yau, ta Zariya Alhudahuda, ta Sakkwato Nagarta.

Tsohuwar Abuja da Sabuwa

Abujar farko ba wannan ta Asokoro da Maitama ba ce. Ita ce garin da Abu Ja, ƙanin Makau Sarkin Zazzau na Haɓe, ya kafa wajen 1828. A zamanin Turawa tana cikin Lardin Neja, kuma midil ɗin lardin a Bida take, don haka ɗan Abujar da ya gama elemantare can yake dosa da akwatinsa. Sulaimanu Barau, wanda ya yi sarauta daga 1944 zuwa 1979, ya yi karatu a Bida da Kwalejin Katsina, ya kuma yi aikin koyarwa kafin rawani ya hau kansa. Daga sunansa aka samo Suleja, bayan garin ya saki sunan Abuja ya bar wa sabon babban birni, wanda Janar Murtala Muhammad ya kafa da Doka ta 6 ranar 3 ga Fabrairu, 1976. Abin sha'awa, Janar Babangida da ya tare da gwamnati a nan ranar 12 ga Disamba, 1991, ɗalibin makarantar Bidan nan ne bayan ta zama sakandare.

Da birnin ya cika, makarantu ma suka cika. Ma'aikata daga Legas, Gbagyi masu ƙasa, 'yan kasuwa daga Kano da Anacha, da mu baƙin Nijar, duk muka tura 'ya'ya aji ɗaya a Karu da Nyanya da Kubwa da Gwagwalada da Kuje.

Haihuwar Ƙaramar Sakandare

Taron manhaja da aka yi a Legas a 1969 ya koka cewa karatun da Turawa suka bari na samar da akawu ne kawai. Daga nan aka fitar da manufar ilimi ta ƙasa a 1977, aka fara aiki da tsarin 6-3-3-4 a 1982: shekara 6 firamare, 3 ƙaramar sakandare, 3 babbar sakandare, 4 jami'a. Manufar ita ce yaro ya taɓa zarto da guduma da wayar lantarki da keken ɗinki a shekaru ukun farko, ta yadda ko da nan ya tsaya, ya fita da abin yi. Wato tunanin midil ne ya dawo da sabuwar riga. An shigo da injuna daga ƙasashen Turai ta Gabas aka rarraba wa makarantu, amma a wurare da yawa babu wuta, babu ɗakin da za a kafa su, babu malamin da ya san kansu, sai suka yi tsatsa cikin akwatunansu. Darasin fasaha ya koma zane a allo.

Ranar 30 ga Satumba, 1999, Shugaba Obasanjo ya ƙaddamar da shirin UBE a Sakkwato, kuma a 2004 aka yi masa doka. Dokar ta ce shekara 9, daga firamare zuwa ƙarshen ƙaramar sakandare, kyauta ce kuma dole ce. Ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya don wannan aiki, bisa sharaɗin jiha ta kawo nata kason kafin ta karɓa. Uban da ya ƙi sa ɗansa, karon farko a ja masa kunne, na biyu tarar naira 2,000 ko wata ɗaya a gidan yari. Haka yake a takarda. Amma duk wanda ya tsaya a danjar Berger da hantsi ya ga yaran da ke tallar ruwa, ya san akwai tazara tsakanin takarda da titi.

Ajinmu

A ƙarƙashin wannan doka na shiga wata makarantar gwamnati a gefen birni. Mun haura 80 a aji, mutum uku ko huɗu a benci, wanda ya makara ya zauna a bakin taga. Da safe a yi layi, a rera taken ƙasa, a duba farce da safa. Monita na rubuta sunan masu surutu, lokacin tara kuma mu ruga wajen mai awara. Rana guda a mako bayan tashi ana taron ƙungiyoyi: 'yan muhawara, 'yan jarida masu karanta labarai a layi, 'yan kimiyya na JETS, 'yan Sikawut, 'yan Red Cross, ƙungiyar ɗalibai Musulmi da ta Kirista. Shekarata ta farko na sha tsiya, domin na saba kiran malami mushe, makaranta kuma lakwal, kamar yadda ake faɗa a gidanmu. Suna na ya koma Mushe har na gama.

A Agustan 2014 Boko Haram ta kama Gwoza, mutane suka watse, wasu suka iso Abuja suka kafa bukkokin leda da buhu a Durumi da Sabuwar Kuchingoro. A 2015, muna aji biyu, malamarmu ta darasin zamantakewa ta ce me zai hana mu yi asusu. Aka yanke naira 20 kowace Juma'a, ba tilas. Da yake ni ɗan kasuwa ne, aji ya ce ni ne ma'aji. Kamar mutum 60 ke bayarwa a mako, cikin mako goma muka tara naira 12,000. Wasu kuɗin awararsu suka riƙa sadaukarwa.

Na je wa Baba da roƙon ya ƙara mana. Ya ce, "Kawo littafin." Ya lissafa, ya ƙirga kuɗin, sai ga littafi ya fi kuɗi da naira 400. Ya dube ni ya ce, "Kai, dukiyar mutane ba a cewa wajen kaza ce. Ko ka nemo inda ta shiga, ko ka biya." Na ce, "Wallahi Baba ban taɓa ba." Ya ce bai ce na taɓa ba, littafi ne ya ce. Daren nan ban yi barci ba, ina bin suna ɗaya-ɗaya da fitilar waya, har na gano sunaye 20 na wata Juma'a da na rubuta sau biyu. Da asuba na nuna masa. Bai yaba mini ba, amma ya sa aka sauko da kwalin sabulu.

Rabin kuɗin muka sayi littattafan rubutu 120, sauran fensir da silifa. Ranar Asabar malamai biyu suka raka mu Durumi. Mun tafi muna jin kanmu masu bayarwa, har mun shirya wanda zai yi jawabi. A can na haɗu da wani yaro sa'ana, wanda rabonsa da aji ya fi shekara. Ya karɓi littafin bai ko duba bangon ba, ya tambaye ni ina muka kai a lissafi. Na faɗa masa. Ya ɗauki tsinke ya warware mini a ƙasa irin lissafin da na faɗi a jarrabawar zangon da ya wuce. Ya ce idan na gama da littafin lissafina na aji biyu, in kawo masa, shi ya fi buƙata da sabulu. Kunya ta rufe ni, domin a makon nan ma sau biyu na gudu daga aji na tafi kallon ƙwallo.

Da na gama aji uku, abokan Baba suka ce karatun ya isa, shago na jira. Baba ya yi kwana biyu bai ce komai ba, sannan ya ce in ƙarasa babbar sakandare, shago ba ya gudu. Daga baya Inna ta gaya mini cewa daren naira 400 ne ya yanke shawarar.

Kammalawa

Shekara kusan 100 ke nan ana sauya wa wannan aji suna, midil, sakandaren lardi, ƙaramar sakandare, ilimin bai-ɗaya, amma tambayar ɗaya ce: me za a danƙa wa yaro ɗan shekara 12 zuwa 15 kafin duniya ta karɓe shi? Injunan 1982 sun ruɓe, dokar 2004 ba ta kai kowane gida ba, ko a 2025 malaman firamare na Abuja sun shafe sama da wata uku suna yajin aiki kan mafi ƙarancin albashi. Abin da na ga ya tsira daga Bauchi ta 1942 zuwa ajinmu shi ne wanda ba ya cin kuɗi da yawa, wato malami guda da zai ba yara amana ya tsaya ya ga yadda za su riƙe ta. Taimakon juna ba baƙo ba ne gare mu, mun gaji gayya da adashi da ciyayya, makaranta littafin lissafi kawai ta ƙara a kai.

Don haka 'yan'uwana 'yan kasuwa, musamman mu baƙi da kan ɗauka makarantar gwamnati ba tamu ba ce, idan yara suka zo da kwalinsu kada mu kore su. Mu tambayi makarantarsu, mu nemi ganin takardar malaminsu, mu duba littafin kamar yadda muke duba na bashi. Idan ya daidaita mu saka, idan bai daidaita ba mu zaunar da su mu koya musu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Littafin lissafin na kai masa bayan jarrabawa, amma na tarar sun tashi, aka ce sun koma Maiduguri. Yana nan cikin akwatina har yau. Allah Ya sa ya samu aji, Ya jiƙan malamanmu da suka riga mu gidan gaskiya, Ya saka wa masu rai da alheri. Sai mun haɗu a rubutu na gaba, in Allah Ya kai mu.

Wassalam.