Daga Bamako zuwa Tagriss: Wa Ke Biyan Kuɗin Maganin Kyauta?

Duk damina, idan zazzaɓin cizon sauro ya kankama, sai in ga gurabe a ajina nan Tagriss. Na taɓa tambayar wata uwa dalilin da ya sa ba ta kai ƙaramin ɗanta likita ba, alhali maganin yara kyauta ne. Ta ce, "Malam, kyautar a rediyo take." Maganarta ce ta sa na koma bin tarihin wannan kyauta.

A 1987 ministocin lafiya na ƙasashen Afirka suka taru a Bamako, tare da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF, suka amince cewa jama'a su riƙa biyan wani abu, a yi amfani da kuɗin wajen sake sayo magani, kwamitin mutanen gari kuma ya sa ido kan asusun. Nijar ta gwada tsarin a Boboye da Say a 1993, ta mai da shi doka a 1995. A tsakani, a Janairun 1994, aka karya darajar sefa da rabi, maganin da ake shigowa da shi ya ƙara tsada. Tsarin ya sa magani ya samu a kanta, amma talakan da bai sayar da gero ko akuya ba sai ya zauna gida da majinyacinsa.

Zamanin Shugaba Tandja Mamadou aka gina ɗakunan shan magani a ƙauyuka da yawa, don rage wa mutanen karkara tafiya. Bayan yunwar 2005, wadda ƙasar Dakoro ta ɗanɗana, gwamnati ta soke kuɗin fiɗar haihuwa a wannan shekara, sannan a 2006 ta soke na awon ciki da na maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5. Kuma an ga amfani. Binciken da mujallar Lancet ta buga a 2012 ya nuna cewa mutuwar yara ƴan ƙasa da shekara 5 ta ragu daga 226 cikin 1,000 a 1998 zuwa 128 a 2009. Gidan sauro da rigakafi da yaƙi da tamowa duk sun taimaka, amma buɗe ƙofar likita ga marar kuɗi na cikin manyan dalilai.

To, ina gizo ke saƙar? Kyautar bashi ce a kan gwamnati. Gidan likita zai duba yaro, ya ba shi magani, ya cika takardu, su bi ta gundumar lafiya har Yamai, sannan baitulmali ya biya. Biyan nan ya riƙa makara, wata da watanni, wani lokaci fiye da shekara. Asusun da ake sayo magani da shi ya bushe, sai a duba yaro kyauta a miƙa wa uwa takarda ta je ta saya. Abin da matar nan ke nufi ke nan. An yi ta rubuta tsare-tsaren bunƙasa lafiya, na 2011 zuwa 2015, na 2017 zuwa 2021, amma tsari a takarda ba ya sauke zazzaɓi.

A Satumban 2024 gwamnati ta rage kuɗin jinya da rabi a asibitocinta, ta mai da haihuwa kyauta. Na yi murna, sai dai tambayar 2006 tana nan: wa zai cike gibin, kuma yaushe?

Iyaye da malamai, akwai abin da ke hannunmu. Kwamitin kula da gidan likita da Bamako ta bar mana namu ne, kamar kwamitin makaranta. Mu halarci taronsa, mu tambayi nawa ya shigo, nawa ake bin gwamnati, wane magani ya ƙare. Mu da muka iya karatu mu karanta wa maƙwabta abin da doka ta ce kyauta ne, mu kai ƙorafi ga magajin gari a rubuce. Ni dai na ɗauki alkawarin zuwa taron kwamitin namu na gaba, da littafi da alƙalami, kuma zan gayyaci matar nan.