Zazzaɓi ko Kukan Dabba: Sake Nazarin Rabe-raben Farfaɗiyar Jarirai a Tsohon Likitancin Sin

Duk mai bitar tarihin farfaɗiya a likitancin gargajiya na ƙasar Sin, abin da ke fara ɗaukar hankalinsa shi ne yadda aka kasa cutar da sunayen dabbobi. Qian Yi, likitan yara na zamanin daular Song, a littafin Xiao'er Yaozheng Zhijue da Yan Xiaozhong ya harhaɗa a 1119, ya raba ta gida biyar, ya jingina kowane gida da wata gaɓa ta ciki: ta kare ga hanta, ta tunkiya ga zuciya, ta saniya ga saifa, ta kaza ga huhu, ta alade ga ƙoda. Kukan yaro da yanayin jikinsa idan abin ya taso masa su ne ma'auni. Wannan maƙala tana ganin an ba rabon girman da bai kai ba, kuma abin da ya fi shi amfani ya girme shi da kimanin shekara 500.

An gwada littafin Qian Yi da wasu biyu, na Chao Yuanfang na shekarar 610 da Beiji Qianjin Yaofang na Sun Simiao na wajen 652, aka yi wa kowane rabo tambaya guda: shin yana sauya magani ko hasashen makomar yaro?

Rabon dabbobi ya faɗi a nan. Qian Yi ya ce a bi gaɓa wajen magani, amma ƙwaya guda ya ambata wa dukkan biyar, wadda cikin haɗinta akwai zaiba da dalma, guba biyu ga ƙwaƙwalwar jariri. Rabon da ya kasu biyar ya koma ga ƙwaya ɗaya, biyan bukatar nazariyyar Sinawa ta sassa biyar na halitta ya yi, ba ta majinyaci ba. Chao kuwa ya fara da dalili: iska, firgita, ko abinci. Wanda ya fi wannan muhimmanci shi ne rabon da ke cikin littafinsa da na Sun, tsakanin farfaɗiyar yang da ta yin. Ta farko, jikin yaro ya fara zafi, ya yi ta firgita da kuka, sannan jijjiga ta biyo baya. Wannan suka ce tana da sauƙin magani. Ta biyu kuwa jiki a sanyaye yake, babu kuka babu wata sanarwa, sai dai a ga yaro ya shiɗe. Wannan suka ce ta shiga ɓargo, maganinta da wuya ƙwarai. Wato tun ƙarni na 7 sun lura cewa zazzaɓi kafin jijjiga yana sauya lissafi. Likitancin yau ma bai ɗauki jijjigar zazzaɓi, mai samun yara daga wata 6 zuwa shekara 5, a matsayin farfaɗiya ba, kuma mafi yawanta tana wucewa ba tare da ta bar lahani ba.

Mai ja zai ce zafin jiki da jijjiga kan zama sanƙarau, wanda ke kisa, don haka kiransa mai sauƙi kuskure ne. Gaskiya ne, rabon ya haɗa mai sauƙi da mai haɗari a kwando ɗaya. Sai dai jijjigar zazzaɓi ta fi sanƙarau yawa nesa ba kusa ba, kuma hukuncin likitan da ba shi da awon ruwan laka dole ya bi rinjaye. Wani kuma zai ce rabon dabbobi ya fi kusa da tsarin 2017 na ƙungiyar yaƙi da farfaɗiya ta duniya (ILAE), tunda shi ma yana duban siffar jijjiga. Kamannin na fatar baki ne: tsarin 2017 yana tambayar inda abin ya faro a ƙwaƙwalwa, kuma wanda ƙungiyar ta fitar a 2021 domin sababbin haihuwa ya dogara da na'urar auna lantarkin ƙwaƙwalwa, saboda yawancin jijjigarsu ido ba ya ganinta.

Dole a yarda cewa littattafan Chao da Sun sun iso mana ta hannun masu gyara na zamanin Song, kuma ƙa'idoji suka ƙunsa, ba ƙididdigar yaran da suka warke ko suka mutu ba. Wannan ya taƙaita abin da za a ce game da aikin likitocin a zahiri, amma bai taɓa hukuncin da aka yanke tsakanin rabe-raben biyu ba.