Chris Moneymaker

Chris Moneymaker Ba'amurke ne, akanta daga jihar Tennessee, wanda ya lashe babbar gasar wasan karta na foka, World Series of Poker, a gidan caca na Binion's Horseshoe da ke Las Vegas a 2003. Bai taɓa buga babbar gasa ido da ido ba kafin nan. A shafin PokerStars ya ci tikitin shiga na dala 10,000, ya kayar da gogaggen ɗan wasa Sam Farha a zagayen ƙarshe, ya tashi da dala miliyan 2.5.

Nasararsa ta ja hankalin sababbin hannu, har mahalarta suka tashi daga 839 zuwa 8,773 a 2006. Sai dai gasa ɗaya ba ta isa ta tantance gwani ba, domin sa'ar kati tana da rinjaye a 'yan kwanaki. Masu kare shi sukan kawo yadda ya razana Farha da kati marar ƙarfi har ya janye. Wannan dabara ce tabbas, amma a gasar 2003 mutum 63 kaɗai suka samu kuɗi, sauran suka bar nasu a teburi.