Masu Ceton Rubutu a Ƙasar Matamaye

Matamaye, wadda ke bisa hanyar da ta rabu da babban titin Damagaram a Takeita, ta gangara kudu zuwa Ɗan Barto, ta ƙetare iyaka ta faɗa Daura da Kano, gari ne da aka fi sani da noma da kasuwa, da rake da kayan fadama, da kuma gyaɗa a zamanin da gyaɗa ke da martaba har aka kafa masa injin matsar mai. Amma akwai wata sana'a a wannan ƙasa ta Kance wadda ba ta da sarki kamar maƙera ko mahauta, ba ta kuma da layi sananne a kasuwa, ita ce sana'ar ceton rubutu idan abin da ke ɗauke da shi ya lalace, kuma ita nake nufin bin tarihinta, domin na haƙƙaƙe cewa saurayin da ke kwance kwamfuta a rumfa yau magajin malamin jiya ne, ko da shi kansa bai sani ba.

A ƙarni na 19, sa'ad da ƙasar Kance ke ƙarƙashin ikon Damagaram, musamman a zamanin Sarki Tanimu wanda ya rasu a 1884, takarda baƙuwa ce mai tsada, gama ana ƙera ta ne a arewacin Italiya, da alamar jinjirin wata uku a cikin jikinta, jiragen ruwa su sauke ta a Tarabulus, raƙuma su ratsa Sahara da ita zuwa Damagaram da Kano, daga nan fatake su rarraba ta garuruwa. Saboda haka malamin da ya mallaki littafin fiƙihu ko nahawu, galibi da hannunsa ya kwafe shi daga na shehinsa, da alƙalamin gamba da tawadar da aka haɗa da ƙaro, warƙa bayan warƙa, ba tare da ɗinki ba, sa'an nan ya haɗa su cikin tadarishi, ya ɗaure da igiyar fata, ya sa a gafaka, ya rataye nesa da ƙasa. Abokan gabarsa sanannu ne: gara, da yoyon damina, da gobarar da ke cin ɗakin ciyawa cikin ƙiftawar ido, da yaƙi.

To, da yake warƙoƙin a sake suke, magabata sun yi wata hikima wadda ta cancanci a tsaya a kanta. A ƙasan bayan kowace warƙa marubuci yakan rubuta kalmar farko ta warƙar da ke biye, abin da malamai ke kira ta'aƙiba, ta yadda idan guguwa ta kwashe littafi, ko yara suka hargitsa shi, ko aka tsamo shi daga ɗakin da ya rushe, mai ilmi zai zauna bisa buzu ya baza takardun, ya bi kalma zuwa kalma har littafin ya koma daidai. Inda gara ta ci layi biyu ko uku, sai a aika almajiri wani gari ya aro nusha, wato kwafin wani malami, a yi muƙabala, ɗaya na karantawa ɗaya na dubawa, a cike giɓin a gefen shafi. In kuwa Alƙur'ani ne mai girma, alaramma ya cike shi daga ƙirjinsa. Abin lura a nan shi ne, ceton bai taɓa yiwuwa ba sai don littafin yana da 'yan'uwa a wasu gafakoki, kuma malaman sun san haka sarai, shi ya sa ba da aron littafi don a kwafa ya zama ibada a wurinsu.

Da Faransawa suka ci Damagaram a 1899, suka mai da ita babban birnin mulkinsu daga 1911 har zuwa 1926 da suka koma Yamai, sai wani irin rubutu ya shigo, na kundin haraji da ƙidayar jama'a da takardun shari'a, daga baya kuma na haihuwa da aure da mutuwa. Shi ma wannan bai rabu da al'adar kwafi ba, don tafireta takan buga takarda da kwafinta na kabon biyu ko uku a lokaci guda, ɗaya ta zauna a gari, ɗaya ta tafi Damagaram. Bayan samun 'yanci a 1960, Bubu Hama, wanda ya shugabanci majalisar dokoki har zuwa 1974, ya himmatu wajen tara tsofaffin littattafan Larabci da ajami daga sassan ƙasa, waɗanda suka zama tushen taskar da ke cibiyar binciken ilmin ɗan Adam ta Jami'ar Yamai, Allah ya saka masa da alheri.

Shi kuwa faifan ajiya na kwamfuta, wanda masu gyara a nan ke ce wa disk-dur, asalinsa Amurka ne. A 1956 kamfanin IBM ya fitar da na farko, akwati mai tsayin mutum, da fayafayai 50 a ciki, kowane faɗinsa inci 24, duk da haka abin da yake ɗauka bai wuce haruffa miliyan 5 ba. A 1980 kamfanin Seagate ya fitar da mai ɗaukar kwatankwacin haka wanda mutum zai riƙe a hannu. Yadda yake aiki abin al'ajabi ne: faifai ne na alminiyam ko gilashi da aka shafa wa sinadarin maganaɗisu, yana juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya, wata 'yar allura kuma tana shawagi a bisansa ba tare da ta taɓa shi ba, tazarar da ke tsakaninsu ta fi kaurin gashin kai ƙanƙanta sau dubbai, har ƙwayar ƙura guda ta isa ta haddasa ɓarna in ta shiga.

Irin waɗannan injuna sun fara yawaita a garuruwa kamar Matamaye bayan shekarar 2000, musamman da aka yi zaɓen ƙananan hukumomi na 2004 ofisoshin magajin gari suka kafu, ƙungiyoyin agaji suka zo da nasu, aka kuma buɗe shagunan buga takardu da fotokofi inda ɗan makaranta da mai neman aiki da mai ƙara ke zuwa. Mafi yawansu kwance ne, sun riga sun ci rabin rayuwarsu a Turai kafin su sauka Kwatano ko Legas, su biyo ta Kano. Suka tarar da ƙurar hunturu, da zafin bazara da ke haura digiri 40, da wutar lantarki mai zuwa da tafiya. Gama wutar yankin Damagaram da Maraɗi ta layin Katsina take shigowa, kuma da Najeriya ta yanke ta a watan Agusta na 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, har zuwa Maris na 2024, injuna da yawa sun koma kan janareta, wanda wutarsa ke hawa da sauka. Abin da ya fi damuna cikin wannan tarihi shi ne, da kwamfuta ta zo, sai al'adar nan ta kwafi ta shekaru ɗaruruwa ta yanke: aka tara jerin sunayen ɗalibai, da lissafin kanti, da wasiƙu, da hotunan suna da biki, duk a faifai guda wanda ba shi da ɗan'uwa a ko'ina, aka ɗauka ƙarfe ba ya mutuwa.

Ranar da inji ya ƙi tashi, mai shi yakan rungumo shi zuwa rumfar mai gyara hankali a tashe, yana cewa, "Malam, don Allah ba injin ne ya dame ni ba, abin da ke ciki ne." Gwanin mai gyara ba ya gaggawar kunnawa. Yakan kifa injin bisa tsumma, ya kwance ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya ya jera su a murfin gwangwani, ya zare faifan, ya sa shi a wani ɗan kwanso mai waya, ya haɗa da nasa injin, sa'an nan ya kara kunne. In ya ji sautin juyi mai laushi, babu tangarɗa, sai ya ce, "Alhaji, kwantar da hankalinka," domin sau da yawa uwar allon injin ce ta ƙone, ko gidan wutarsa, faifan kuwa lafiya lau. In shiru ya ji, mai yiwuwa ɗan allon da ke bayan faifan ne wuta ta buga, kuma ana iya samo irinsa daga wani matacce, da sharaɗin a ciro 'yar ƙwayar da ke ɗauke da saitin tsohon a liƙa wa sabon, in ba haka ba faifan ba zai karantu ba. Amma in ya ji ƙas, ƙas, ƙas, to allura ce ta samu rauni, kuma wajibi ne a zare waya nan take, don kowane juyi ƙarin kankare rubutu ne.

Idan faifan yana karantuwa da ƙyar, ƙa'idar masu sana'ar ita ce a fara kwafe shi ɗungurungum zuwa wani lafiyayye kafin a taɓa kome, ana tsallake wuraren da suka lalace a dawo musu daga baya, aikin da yakan ci kwana da kwanaki. In kuma fihirisar faifan ce ta ɓace, wato jadawalin da ke nuna inda kowace takarda take, akwai manhajoji irin su TestDisk da PhotoRec, waɗanda wani Bafaranshe, Christophe Grenier, ya rubuta ya sake su kyauta. Ta biyun takan bi faifan tun daga farko har ƙarshe tana neman alamar da kowane irin rubutu ko hoto ke farawa da ita, kamar yadda malamin nan ke bin ta'aƙiba. Sai dai takardun sukan dawo babu sunayensu, dubbai a hargitse, dole mai su ya zauna ya buɗe ɗaya ɗaya. Ina kuma faɗa da babbar murya cewa asarar da ta fi yawa ba daga wuta ko ƙura take zuwa ba, daga hannun mai gaggawa take, wanda zai goge faifai ya ɗora sabon Windows don inji ya tashi, alhali sabon rubutun yana hawa ne bisa amanar da aka kawo masa.

Buɗe cikin faifan kuwa, don canza allura, aiki ne na ɗaki mai tatacciyar iska, wanda ya fi ƙarfin rumfa, kuma kuɗinsa yakan ninka kuɗin injin. Iyakar abin da gwanaye za su iya ya bayyana bayan hatsarin kumbon Columbia a ranar 1 ga Fabrairu, 2003, wanda ya halaka mutum bakwai: an tsinci wani faifansa a jihar Texas a ƙone, kamfanin Ontrack ya ciro fayafayan ciki ya tsabtace su ya sa a wani gida, aka samo kashi 99 cikin ɗari na sakamakon wani gwajin kimiyya, har aka wallafa shi a 2008.

A yanzu sana'ar tana sake sauya kama, domin sababbin injuna sun koma ajiya a ƙwayoyin lantarki marasa juyi, waɗanda ba sa yin ƙara kafin su mutu, kuma abin da aka goge a cikinsu sukan share shi da kansu ba da jimawa ba. Mafi yawan rubutun mutanen Matamaye ma ya koma salula, inda ma'ajiyar ke liƙe da allon wayar, a kulle da mabuɗin sirri, ta yadda ciro ta ba ya amfanar da kome. Dole sai mai gyara ya zauna da madubin ƙara gani da bakin dalma, ya farfaɗo da allon kansa, ko da na rabin sa'a ne, gwargwadon abin da zai isa a kwashe abin da ke ciki.