Tunawa Da Tolulope Arotile, Matuƙiyar Jirgin Yaƙi Da Ajali Ya Riska A Ƙasa

'Yan'uwa mazauna birane, duk wanda ya ziyarci gida tun daga shekarar 2018, lokacin da Rundunar Sojan Sama ta ƙaddamar da farmakin Diran Mikiya a Zamfara, ya san ƙarar nan ta jirage da ke ratsa samaniyar Gusau, Tsafe da Bungudu. Mukan ɗaga kai mu ce "ga sojoji nan", ba mu cika tambayar ko ɗan wa ke ciki ba. A bana mun ga ya dace mu ambaci sunan ɗaya daga cikin irin waɗannan matasa.

An haifi Tolulope Arotile a Kaduna ranar 13 ga Disamba, 1995, iyayenta kuwa 'yan asalin Jihar Kogi ne. Ta yi firamare da sakandare a makarantun Sojan Sama na Kaduna. A 2012 ta shiga Makarantar Horon Hafsoshin Soja, wato NDA, inda ta yi digiri a fannin lissafi, ta fito da muƙamin hafsa a watan Satumba na 2017. Daga nan aka tura ta Afirka ta Kudu koyon tuƙin jirgi mai saukar ungulu. Ranar 15 ga Oktoba, 2019, aka liƙa mata lambar matuƙa, ta zama mace ta farko a tarihin Nijeriya da ke tuƙa jirgin yaƙi mai saukar ungulu. Ita ce aka zaɓa, a watan Fabrairun 2020, ta yi wa Shugaba Muhammadu Buhari bayanin sabon jirgi samfurin Agusta 109 a Dandalin Eagle da ke Abuja.

Mai karatu zai ce, ina ruwan mutanen Zamfara da yarinyar Kogi? Amsar tana cikin daji. Ta yi aikinta ne a farmakin Gama Aiki, wanda aka shirya domin fatattakar 'yan bindiga a Jihar Neja. Wanda ya san ƙasa kuwa ya san cewa dazuzzukan Neja sun haɗe da dajin Kamuku na Birnin Gwari, shi kuma ya haɗe da Kuyambana ta wajen Ɗansadau. Ɓarawon daji bai san iyakar jiha ba. Wanda aka tare a can, da wuya a ce ba mu ci moriyar tarewar a nan ba.

Abin da ya fi sosa rai shi ne yadda ajalinta ya zo. Ba a fagen fama ta faɗi ba, ba kuma jirginta ne ya yi hatsari ba. Ranar 14 ga Yuli, 2020, tana tafiya a ƙasa cikin sansanin Sojan Sama na Kaduna, sai wasu tsofaffin 'yan makarantarsu da ke cikin mota suka hango ta. A bayanin da rundunar ta bayar, direban ya yi baya da motar ne domin su gaisa, sai ya buge ta, ta ji mummunan rauni a ka, rai ya yi halinsa. Shekarunta 24, kuma wata tara kacal da samun lambar tuƙi. Jama'a da dama sun yi ta tambayoyi, rundunar ta ce bincikenta bai gano wata maƙarƙashiya ba, ta miƙa maganar ga 'yan sanda. An binne ta ranar 23 ga Yuli a maƙabartar sojoji ta ƙasa da ke Abuja.

Wannan ba shi ne karo na farko da hatsari ya ɗauke wa rundunar matashi a lokacin yaƙi ba. Dattawanmu za su tuna Kanar Shittu Alao, shugaban Sojan Sama a zamanin yaƙin basasa, wanda jirginsa samfurin L-29 ya faɗi a Uzebba, cikin Jihar Edo ta yau, ranar 15 ga Oktoba, 1969, yana da kimanin shekara 32. A duba ranar da kyau: shekara hamsin cif tsakanin rasuwarsa da ranar da aka liƙa wa Tolulope lambarta.

Mu da muka yi rayuwarmu da alli a hannu, abin da ya fi tsaya mana a zuciya shi ne darasin lissafi. Mun sha jin iyaye suna cewa lissafi ba na 'ya mace ba ne, mun kuma ga haziƙan yara mata da aka cire daga aji kafin su kammala. Wata bakwai bayan rasuwarta, a Fabrairun 2021, aka sace 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe, tsoro ya ƙara wa wannan ra'ayi ƙarfi. To amma wadda ta tashi sama domin tare irin waɗannan ɓarayi, ita ma wata rana yarinya ce a kan benci, iyayenta suka bar ta ta yi karatu.

Allah Ya ba iyayenta haƙurin rashi, Ya tsare sauran 'yan'uwanta da ke bakin aiki, Ya maido mana da zaman lafiya a garuruwanmu. Amin.