Jazira da Audugarta: Ƙasa, Ruwa da Hannun Hausawa

1.0 Gabatarwa

Akwai yankunan da amfanin gona ɗaya yake zame musu suna da tarihi. A ƙasashen bakin Bahar Rum inabi ne yake yin wannan aiki, a Kano gyaɗa ta taɓa yi, a Jazira ta ƙasar Sudan kuwa auduga ce. Wannan maƙala ta dubi yadda yanayin ƙasa da ruwa suka ba Jazira halinta, da kuma matsayin Hausawan da suka zauna a garuruwa irin su Hajj Abdalla da Mai Wurno a cikin wannan tarihi.

2.0 Yanayin Ƙasa

Kalmar Jazira Larabci ce, ma'anarta tsibiri. An kira yankin haka ne domin yana tsakanin Shuɗin Nilu da Farin Nilu, waɗanda suke haɗuwa a Khartum. Ƙasar baƙar laka ce mai danƙo, wadda take tsattsagewa da rani, idan ta sha ruwa kuma ta kumbura ta riƙe shi. Saboda haka magudanar da aka haƙa a cikinta ba ta tsiyaya sosai ko da ba a yi mata siminti ba. Bugu da ƙari, filin shimfiɗaɗɗe ne, yana gangarawa a hankali daga bakin Shuɗin Nilu zuwa arewa maso yamma, ta yadda ruwa zai bi gonaki da kansa ba tare da inji ba. Waɗannan abubuwa biyu su ne asalin arzikin Jazira.

3.0 Kafuwar Aikin Noma

Turawan Ingila suna neman auduga mai dogon zare domin masaƙunsu na Lankasha. A 1911 suka fara gwajin ban-ruwa da injin famfo a Tayba, kusa da Wad Madani, sannan a Barakat. A farkon shekarun 1920 aka kafa irin wannan famfo a Hajj Abdalla, garin da yake tsakanin Wad Madani da Sinnar. Da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, sai aka buɗe babban aikin da faddan 300,000. Faddan ɗaya ya ɗara eka kaɗan.

An gina aikin a kan tarayyar ɓangarori uku: gwamnati mai ruwa, kamfanin Sudan Plantations Syndicate mai gudanarwa, da manoma. Kowane manomi ana ba shi gona da ake kira hawasha, rabon manoma kuma kashi 40 cikin ɗari ne na ribar auduga. Kamfani shi yake faɗin abin da za a shuka da ranar shuka da ranar ban-ruwa. A 1950 hukumar gwamnati ta karɓi aikin daga hannun kamfanin, hedkwatarta tana Barakat. Faɗaɗawar Manaƙil da madatsar Rusairis ta 1966 suka kai filin ga faddan miliyan 2 da ɗoriya.

4.0 Zuwan Hausawa

Tun kafin auduga, hanyar Makka ta ƙasa ta bi ta Sudan, kuma alhazai kan yi shekaru suna aiki a hanya domin tara guzuri. Yawansu ya ƙaru bayan 1903, shekarar da aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a Burmi. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da hijira tare da jama'arsa, Fulani da Hausawa, har suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu, kudu da Sinnar. Mutanen ƙasar sukan haɗa dukkan 'yan Afirka ta Yamma su kira su Fallata ko Takari.

Auduga tana bukatar hannu da yawa, musamman lokacin tsinka, wanda yake farawa wajen watan Janairu. Nan ne Hausawa suka yi fice, domin sun zo da sanin noma daga gida, ga kuma bukatar kuɗin tafiya. A farkon shekarun 1930 farashin auduga ya faɗi a duniya, cututtuka kuma suka lalata amfani, manoma da dama suka bar gonakinsu. Wasu daga cikin baƙin suka sami hawasha a wannan lokaci. Amma da riba ta dawo, sai ƙofar ta fara rufewa. Dokar 1948 ta ɗaure zama ɗan Sudan ga zaman kakanni a ƙasar kafin 1898, wanda ya bar yawancin waɗanda suka zo bayan Burmi a waje. Da yawa sai suka tsaya a matsayin 'yan ƙwadago ko masu noman raba-daidai da mai hawasha. Wasu sun zauna a ƙauyuka, wasu kuma a matsugunan ma'aikata da ake kira kambo, jam'i kanabi, a bakin magudanai, a kan filin da ba su da takardar mallakarsa.

5.0 Tasiri a Kan Harshe

Ɗalibin harshe zai ga wannan tarihi a cikin kalmomi. Sunayen aikin gona na Jazira na Larabci ne: hawasha, da tur'a wato babbar magudana, da Abu Ishirin wato ƙaramar da take kai ruwa ga gonaki, da mufattish wato jami'in da yake duba noma. Bahaushen da yake aiki a wurin da waɗannan sunaye yake kiransu. Farfesa Al-Amin Abu-Manga na Jami'ar Khartum ya yi nazari a kan yadda Hausar Sudan take sajewa da Larabci, Mark Duffield kuma ya wallafa littafi a kan Mai Wurno a 1981.

6.0 Kammalawa

Auduga ta daɗe tana kan gaba a cikin kayan da Sudan take fitarwa, kafin alkama da gyaɗa da dawa su rage mata fili. Dokar 2005 ta ba manomi 'yancin zaɓen abin da zai shuka, noman auduga ya ƙara ja da baya, laka da ciyawa suka toshe magudanai da yawa. Yaƙin da ya ɓarke a 2023 ya iso Wad Madani a watan Disamba na shekarar, sojoji suka sake karɓe garin a Janairun 2025, bayan an yi asarar rayuka da dukiya mai yawa.

Duk ranar da aka zauna gyaran Jazira, za a yi maganar madatsa da magudanai da irin shuka. Amma akwai tambayar da ta girme su: su wane ne magadan wannan ƙasa? Hausawa suna cewa zama da maɗaukin kanwa shi yake kawo farin kai. Zuriyar da ta yi shekara fiye da 100 tana tsinkar audugar Jazira ta ɗauki harshen wurin da al'adunsa, kuma tarihin yankin ba zai cika ba sai da sunanta a ciki.