Tsawon Rai da Abin da Zuriya Ke Riƙewa: Nazari a kan Gidan Ɗantata

Ranar 28 ga Yuni, 2025, Allah ya yi wa Alhaji Aminu Alhassan Ɗantata rasuwa a Abu Dabi yana da shekara 94. An yi masa sallar ga'ib a Kano, gawar kuma aka wuce da ita Madina, aka binne shi a maƙabartar Baƙi'a ranar 1 ga Yuli. Duk wanda ya bi jawaban ta'aziyya a wancan makon ya ji abu ɗaya ana ta nanatawa, wato hannunsa a sake yake: masallatai, makarantu, asibitoci, da naira biliyan 1.5 da ya bayar lokacin ambaliyar Maiduguri a 2024. Duk gaskiya ne. Abin da wannan nazari ke son dubawa shi ne ɗaya ɓangaren: me zuriya ke riƙewa idan babbanta ya daɗe a duniya sannan ya tafi, me kuma ke bin sa kabari.

A fara da lissafin shekaru. An haifi mahaifinsa, Alhassan Ɗantata, a Bebeji wajajen 1877, cikin zuriyar Agalawa, fataken da suka yi suna wajen ɗauko goro daga Gwanja. An haifi Aminu a 1931, uban ya riga ya haura hamsin. Rayuwar mutum biyu ke nan, uba da ɗa, ta cinye kusan shekara 148. Uban ya bi ayari da jakuna tun Turawa ba su ci Kano ba a 1903, ya ga zuwan jirgin ƙasa a 1911, ya juya daga goro zuwa gyaɗa har ya zama babban mai saye wa kamfanonin Turawa. Ɗan kuwa ya kai zamanin da ake tura kuɗi ta wayar hannu. Jikan da ya durƙusa gaban Alhaji Aminu a 2024, baki ɗaya ne tak tsakaninsa da mutumin da ya taka hanyar Gwanja da ƙafarsa. A ƙasar da yawancin tarihin gidaje a ka yake ba a takarda ba, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Hausawa sun ce babba juji ne. Aikin mai gida ke nan a tsarin gandu: a wurinsa ake sauke ƙara, shi ke ɗaura aure, shi ke raɗa suna, shi ke raba faɗan 'yan uba kafin ya kai gaban alƙali. Wata mai bincike, Polly Hill, a binciken da ta yi a Ɓatagarawa wanda ya fito a 1972, ta nuna cewa gandu ba kasafai yake daɗewa bayan mutuwar uba ba, don 'yan'uwa sukan raba gona kowa ya kama gabansa. A birni ma haka ne, sai dai a maimakon gona, jari ne ke watsewa. Rabon gado a shari'a yana ba kowane magaji haƙƙinsa, kuma adalci ne, amma attajirin da ya bar 'ya'ya goma sha wani abu, dukiyarsa ta tashi daga tuli ɗaya ta koma ƙananan tsibi. Shi ya sa a Kano ake iya lissafa gidajen arziki da dama da sunansu kawai ya rage.

Alhassan ya rasu a watan Agustan 1955. Babban ɗansa Ahmadu ya riƙe kamfanin gidan har rasuwarsa a 1960, sai ragamar ta faɗo hannun Aminu yana ɗan shekara 29. 'Yan'uwansa ba su zauna a inuwa ɗaya ba: Sanusi ya gina tasa harkar, kuma ta wajen 'yarsa ne aka sami Aliko Ɗangote, Mamuda ya shiga jigilar alhazai, har sunan kamfaninsa, WAPA, ya bi kasuwar 'yan canji ta Fagge ya zauna. Ke nan dukiya ta rabu kamar yadda takan rabu a ko'ina. Abin da bai rabu ba shi ne wurin komawa, kuma a ganina a nan tsawon ran Aminu ya yi aikinsa. Shekara 65 daga 1960 akwai ɗan Alhassan na cikinsa da ake iya zuwa a gaisar, a nemi shawara, a ji kunyarsa. Dabarar kasuwanci ba ta sayen wannan. Kwana ne kawai ke kawo shi.

To amma yaya ake tunawa da irin wannan mutum? Zaman makoki yana da ƙa'idarsa. Addini ya hore mu da ambaton mamaci da alheri, kuma a addu'ar uku, da ta bakwai da arba'in ga gidajen da ke yin su, kowa da labarin da yake kawowa: ya biya mini kuɗin makaranta, ya kai ni Makka, ya hana a kore ni daga gida. Idan tsoho ne ƙwarai, jikoki har wasa suke yi, don mutuwar wanda ya ga tattaɓa-kunne ba ta da ɗaci irin na mutuwar matashi. Daga baya sai a riƙa mayar da sunansa ga jarirai, a sakaya da Abba ko Baffa ko Halifa saboda kunya. Wannan tsari ya iya kwantar da zuciya, ya kuma iya raya suna. Tarihi ne bai iya adanawa ba, domin abin da yake tacewa ya ajiye shi ne halin mutum, ba saninsa ba.

Dubi abin da Alhaji Aminu ya gani daga ciki. Ya zauna a majalisa a Jamhuriya ta Farko. Ya yi kwamishina a gwamnatin Audu Baƙo, lokacin da sabuwar Jihar Kano ke neman tsayawa da ƙafarta. A gabansa dalar gyaɗa ta tashi, a gabansa ta ɓace bayan farin 1973 da cutar gyaɗa ta 1975 da shigowar kuɗin man fetur. Yadda dillali ke karɓar kuɗin kamfani ya raba wa yaransa a ƙauyuka kafin kaka, wa ya ci amana, wa ya riƙe, ba labarin da ake bayarwa a kan tabarmar ta'aziyya ba ne.

Shi kansa Alhaji Aminu ya taɓo nauyin tsawon rai a ƙarshen 2022, lokacin da ya gaya wa baƙinsa cewa ya daina jin daɗin duniya, don waɗanda suka taso tare da shi, da ƙyar zai ƙirga kaɗan da suka rage. Mutane da yawa sun ɗauki maganar a matsayin wa'azin attajiri kan rashin tabbas na duniya. Ni ina ganin ta fi haka nauyi. Muna yi wa manya addu'ar Allah ya ja kwana, ba ma lura cewa wanda kwanansa ya ja shi ke zama ma'ajiyar matattu. Ɗaruruwa za su tuna da shi. Ɗaruruwan da shi kaɗai ya rage yana tunawa da su, ranar da ya rufe ido suka sake mutuwa.

Akwai misalin da ya nuna ana iya yin wani abu dabam. Baba ta Karo, wadda aka haifa kusan shekara ɗaya da Alhassan Ɗantata, ba ta da dukiya ba ta da sarauta. Wata mai bincike, Mary Smith, ta zauna da ita a ƙasar Zazzau tsakanin 1949 da 1950 tana rubuta abin da take faɗa, littafin ya fito a 1954. Yau mun fi sanin yadda aka yi aure da ƙawance da bauta a gidan su Baba fiye da yadda aka yi su a yawancin manyan gidajen Kano.

Wani lokacin ma abin da ke tsira ba wanda aka yi niyyar adanawa ba ne. Mahaifin Alhassan, Madugu Abdullahi, ya rasu yaron bai kai shekara goma ba, mahaifiyarsa kuma ta tafi Ankara ta ƙasar Gana da harkar kasuwancinta. Wata tsohuwa mai suna Tata ce ta raine shi, daga nan aka riƙa ce masa ɗan Tata. Sunanta ne a jikin kamfanoni da tituna da gine-ginen jami'o'i, sunanta aka yi ta kira a labaran jana'izar Madina.